Fatar kare a lokacin kaka

Jama'a, damina ta ɗauke, kaka ta shigo. A Ibohamane da sauran garuruwan Adar, kowa yana gona wajen yankan hatsi da roron wake. Karen da ke gadin rumbu da garken awaki ba a cika tunawa da shi ba. Amma wannan ne lokacin da fatarsa ta fi shan wuya, domin kaska da ƙuma sun yi yawa a cikin damina, ƙarangiya ta nuna, sanyin hunturu kuma yana tafe.

Karnukanmu ba masu yawan gashi ba ne. Ku dubi karen Azawak, wanda makiyayan arewacin Tawa suke kiwo: dogo ne, siriri, gashinsa gajere, fatarsa marar kauri. Abu kaɗan ke ji masa ciwo. Kuma wasu cututtukan fatar kare suna kama mutum, musamman yara, tun da su ne abokan wasansa.

Kaska

Ku duba kare sau biyu a mako: cikin kunne, wuya, hammata da tsakanin yatsu. Idan kun ga kaska, ku sa tsumma a hannu, ku kama ta kusa da fata, ku ja a hankali har ta fito da kanta. Ku jefa ta a wuta. Kada ku murje ta da yatsu, domin jinin da ke cikinta yana iya ɗauke da cuta.

Kaskar kare ba a jikinsa take yin ƙwai ba. Idan ta ƙoshi da jini sai ta sauka, ta shiga tsagar bango ko ƙarƙashin rumbu, ta zuba ƙwai dubbai. Shi ya sa ake cire ta yau, a ga wata bayan kwana kaɗan. Sai an share makwancin kare, an ƙone sharar, an liƙe tsagar bango da laka. Idan kare ya daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari, to cutar kaska ta shiga jininsa. A kai shi wurin likitan dabbobi.

Ƙazuwa

Ita ce ta fi wahalar da kare. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda ido ba ya gani. Yana haƙa rami a cikin fata, ya yi ƙwai a ciki. Ciwon yakan fara daga bakin kunne, gwiwar ƙafa da ciki. Kare ya yi ta susa dare da rana, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta yi ɓawo.

Mutane da yawa suna shafa masa baƙin man mota, wasu kuma maganin feshin wake ko na auduga. Wannan kuskure ne babba. Baƙin mai yana ƙona fata, kare kuma yana lashe shi ya shiga cikinsa. Maganin feshin gona guba ne, yana iya kashe kare da yaron da ya rungume shi.

Maganin ƙazuwa yana wurin ma'aikatan kiwo. Akwai allura mai suna ibamektin, akwai kuma ruwan wanka mai suna amitaraz. Likita ne ke auna su bisa nauyin kare, don awon saniya ba na kare ba ne. Allura ɗaya ba ta isa, domin ba ta kashe ƙwan. Akan sake yin ta bayan kwana 14. Idan karnuka biyu ne a gidan, a yi wa dukansu. Tsumman da kare ke kwanciya a kai, a ƙone shi. Wanda ya taɓa kare mai ƙazuwa ya wanke hannu da sabulu.

Wani lokaci za ku ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, ya fi yawa a jikin ƴan kwikwiyo. Tsutsar wani ƙuda ce. Ƙudan yana yin ƙwai a cikin rairayi mai inuwa inda aka yi fitsari ko kashi. Ku toshe ramin da man basilin. Tsutsar za ta rasa iska ta leƙo, sai ku matse a hankali ta fito. Ku wanke wurin da ruwa da sabulu.

Ƙarangiya da sanyi

Duk karen da ya bi garke ko ya je farauta a kaka zai dawo da ƙarangiya. Wadda ta maƙale a tsakanin yatsu ko cikin kunne, idan ta kwana biyu, takan zama gyambo. Cire ta aikin minti biyar ne da maraice.

Idan hunturu ya kama, tafin ƙafar kare yakan tsage kamar faso, balle a ƙasar duwatsu irin ta Keita da Buza. A shafa masa man kaɗanya kaɗan. Kada a yawaita yi masa wanka a cikin sanyi. Idan ya zama dole, a yi da hantsi, kuma ban da omo.

Fata tana bin abinci. Karen da ba ya samun komai sai dusa da ƙanzo gashinsa ba ya kyau. A ƙara masa nono, dafaffen wake ko romo. Albasa kuwa, wadda muke da ita da yawa a Madawa da Galmi, ba abincin kare ba ce: tana lalata masa jini.

A Turai da wasu gidajen Yamai ana ajiye ƙananan karnuka masu shafaffiyar fuska, hancinsu kamar an danna shi ciki. Fatar fuskarsu tana da ninki, inda danshi da datti ke taruwa, don haka kullum sai an goge da tsumma mai tsabta an busar. Numfashi yana yi musu wuya, zafin rana kuma yana iya kashe su. A ganina ba karnukan ƙasarmu ba ne.

Haukan kare

Idan kun kai kare wurin likita saboda fata, ku roƙi a yi masa allurar rigakafin hauka. Ana fara ta tun yana da wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, da yawansu yara ne. Tun 2007 aka keɓe ranar 28 ga Satumba don tunatar da jama'a a kanta.

Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Daga nan a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a jira a ga alama, domin idan alama ta bayyana ba a warkewa.