Sito mai warin "tsafta": abin da hancinku ke faɗa muku

Ina aji huɗu a sakandaren kwana aka ba ni riƙon mabuɗin siton kayan shara na gidanmu. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, babu taga, rufin kwano, ƙofar katako. A ciki akwai tsintsiya da mofa da bokitai, sai jarkoki barkatai da babu wanda ya san abin da ke cikin rabinsu. Wata Asabar da asuba, ana shirin zagayen duba tsafta, ni da wani abokina muka yanke shawarar cewa banɗakinmu ne zai zo na ɗaya. Muka zuba ruwan bilic a bokiti, muka ƙara masa shuɗin ruwan nan na wanke masai, wai don ya yi ƙarfi biyu. A cikin siton muka yi haɗin, kuma mun turo ƙofa don kada 'yan wani gida su ga sirrinmu.

Ko minti ɗaya ba a yi ba idanuna suka fara zubar da hawaye, maƙogwarona kamar an zuba masa barkono. Abokina, wanda dama yana da asma, ya durƙushe yana tari ba ƙaƙƙautawa. Allah Ya taimake mu na ture ƙofar muka faɗo waje. Shi dai a asibiti ya wuni. Sai da na shiga jami'a na zauna a ajin kimiyyar sinadarai sannan na gane cewa abin da muka haɗa ranar nan iskar kulorin ce.

Ruwan bilic, irin su Hypo da Jik da ake sayarwa a kowane kanti, yana ɗauke da wani sinadari mai kulorin a ɗaure cikinsa. Matuƙar an bar shi shi kaɗai, ko an sirka shi da ruwa, aikinsa yake yi: ya kashe ƙwayoyin cuta, ya fitar da tabo. Shi kuwa ruwan wanke masai, da yawa daga cikinsa asid ne, shi ya sa yake cinye dattin da ya kafe. Da zarar asid ya taɓa bilic sai ya kwance kulorin ɗin ya tashi a matsayin iska. Ita wannan iska idan ta tarar da danshi, kamar na ido da hanci da maƙogwaro da huhu, sai ta koma asid a wurin. Wannan shi ne raɗaɗin da muka ji. Kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, don haka ƙasa take kwanciya. Wanda ya sunkuya kan bokiti, ko ɗan aji ɗaya mai gajeren tsayi da aka aiko, shi ya fi kwasa.

Kada ku ɗauka ƙaramar iska ce. Ita ce sojojin Jamus suka saki a kan abokan gabarsu a kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gaskiya ne abin da ke tashi daga bokiti bai kai na fagen yaƙi ba, amma shi ma yana kisa. A watan Nuwamban 2019, a wani gidan cin abinci da ke jihar Massachusetts ta Amurka, wani ma'aikaci ya zuba ruwan wanki mai bilic a daɓen kicin, bai san an riga an zubar da wani mai asid a wurin ba. Manajan gidan, mai shekara 32, ya yi ƙoƙarin share ruwan zuwa waje don ya ceci sauran, ya shaƙi iskar, ya rasu a asibiti. Aƙalla wasu mutum 10 sai da aka kai su asibiti. Ku lura, babu wanda ya haɗa da gangan. Wani ya zubar bai goge ba, wani ya zo ya zuba nasa a kai.

Akwai haɗi na biyu da ya shafe mu 'yan makarantar kwana sosai: bilic da amoniya. Ana samun amoniya a wasu ruwan goge gilashi, kuma ita ce zarnin da kuke ji daga fitsarin da ya kwana. Idan bilic ya haɗu da ita, wata iskar ce daban take tashi, ita ma mai ƙona ido da ƙirji. Saboda haka idan aikin wanke banɗaki ya faɗo kanku, ku fara kora wurin da ruwa sosai kafin ku zuba bilic.

To amma ko ba a haɗa komai ba, iskar sito tana iya lalacewa da kanta, kuma wannan ne ba a cika kula da shi ba. Jarkar da murfinta bai rufu ba tana numfashi dare da rana. Kananzir da fetur ɗin janareto da tina na fenti duk suna tashi su cika ɗaki, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da kwanon rufi ke mayar da sito kamar tanda. Zafi da hasken rana suna kuma lalata bilic, ya rage ƙarfi, wato ana asarar kuɗin makaranta a banza. Ga wata alama da za ku iya dubawa da idonku: idan ƙusoshi da sakata da kantar ƙarfe na cikin siton sun yi tsatsa fiye da na sauran ɗakuna, akwai yiwuwar tururin asid ko na bilic ne yake cin su. Abin da ke cin ƙarfe, ai ba sai an faɗa muku abin da zai yi wa huhu ba.

Mun taso muna kiran wannan wari "ƙamshin tsafta". Idan ɗaki bai yi warin Izal ko bilic ba, sai mu ce ba a wanke ba. Ni yanzu ban yarda da wannan ba. Wari mai ƙarfi yana nufin sinadarin yana cikin iska, ba a kan daɓen da ake son tsaftacewa ba. Hanci kuma yana da wani hali: bayan 'yan mintuna sai ya saba, ka daina jin warin, ka zaci ya tafi, alhali yana nan. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne za su biyo baya. Takunkumin yadi irin na zamanin korona ba ya tare irin wannan iska. Ƙura yake ragewa.

Maganin ƙwari ma yakan ƙare a sito ɗaya da tsintsiya. Wanda ake kira ota-fiya-fiya da danginsa irin su Sniper, sinadarin cikinsu na feshin gona ne, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, ya taɓa jijiyoyi. Tun a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kantuna da kasuwannin yau da kullum. Idan kun gan shi a siton makaranta, ku sanar da malamin da ke kula da gidanku, kada ku taɓa.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne juye sinadari a robar lemo ko ta ruwan sha. Ana sayen bilic ko kananzir ko sabulun ruwa a awo, sai a zuba a duk robar da aka samu, ba rubutu. Bilic ɗin da aka sirka kamar ruwa yake a ido. Yaro ya dawo daga filin ƙwallo da ƙishirwa, ya ga roba a kan kanta, shi ke nan. Duk robar da ba ta da suna, a ɗauke ta a matsayin guba har sai an tabbatar. Waɗanda ke da takardarsu kuma a karanta: hoton da ke cikin jan murabba'i mai tsaye kan kusurwa gargaɗi ne. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa na nufin guba, harshen wuta na nufin yana kamawa, ruwa na ɗiga kan hannu da ƙarfe na nufin yana ƙona fata.

Gyaran sito ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, kuma ƙungiyar kiwon lafiya ko ta kimiyya a makarantarku za ta iya kai wa shugaban makaranta shawarar. A huda wa ɗakin mashigar iska biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tunda wasu iskokin ƙasa suke taruwa. Bilic a kanta ɗaya, masu asid a wata nesa da ita, kuma kada a ɗora ɗaya a saman ɗaya, don idan na sama ya yi yoyo kan na ƙasa zai sauka. Manyan jarkoki a ƙasa. Fetur da kananzir a nema musu wani wurin daban. Abinci, ko da buhun garin kwaki ne, ba ya kwana a nan. Ku kuma da ake aike, idan kun buɗe ƙofa ku ja baya ku ba ta 'yan mintuna, kada ku rufe kanku a ciki, kuma duk wani sirki a yi shi a fili da ruwan sanyi, ba na zafi ba.

Idan tsautsayi ya riga ya auku, abu na farko shi ne fita zuwa iska, a kuma hana wasu shiga. Kada wani ya yi jarumtar komawa ɗauko bokitin. Idan ya fallatsa a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsafta na minti 15 zuwa 20, a cire tufafin da suka jiƙe. Idan sha aka yi, kada a sa mutum amai, kuma kada a ɗura masa manja kamar yadda aka saba a gidajenmu. Abin da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita, kananzir kuma yana iya zarcewa huhu. A tafi asibiti da robar a hannu domin likita ya ga abin da aka sha. Ko da mutum ya ce ya ji sauƙi, a kai shi, domin illar kulorin ga huhu takan ɓoye sai bayan sa'o'i ta bayyana.

Da na je ziyara tsohuwar makarantarmu a hutun da ya wuce, na leƙa siton. An fasa masa taga, an sa waya. Amma a kan kanta, kusa da mofa, na ƙirga robobin lemo guda uku cike da wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa, babu ko ɗaya mai rubutu. Na nemi mai riƙe da mabuɗin na yanzu, wani ɗan aji biyar, muka samo alƙalamin rubutu a allo, muka tafi neman wanda ya zuba su.