Idan umarnin hasumiya ya saɓa wa tsaron jirgi: wa matuƙi zai saurara?

A bisa ƙa'ida, matuƙin jirgin fasinja ba ya tashi, ba ya sauya hanya, ba ya kuma sauka sai da izinin jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama. Su ne ke ganin duk jiragen da ke yankinsu a na'urar rada, su ne kuma ke tabbatar da tazara tsakaninsu.

To sai dai jami'in ɗan Adam ne, ajizi. Wani lokaci umarninsa kan saɓa wa abin da matuƙi ke gani da idonsa ko abin da na'urorinsa ke nuna masa. Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, sun ce kyaftin ne ke da magana ta ƙarshe kan jirginsa, kuma yana iya kauce wa ƙa'ida idan tsaron rayuka ya tilasta hakan. Amma sai da aka yi asarar rayuka kafin a fayyace wani muhimmin ɓangare na wannan doka.

Daren Überlingen

A daren 1 ga watan Yulin 2002, wani jirgin Rasha ƙirar Tupolev 154 na kamfanin Bashkirian yana kan hanyarsa daga Mosko zuwa Basalona ɗauke da mutane 69, akasarin fasinjojin yara ne da za su je hutu. A daidai lokacin, wani jirgin dakon kaya na DHL ƙirar Boeing 757, da matuƙa biyu, ya taso daga Bergamo a Italiya ya nufi Brussels. Dukansu suna tafiya a nisan ƙafa 36,000 daga ƙasa, kuma hanyoyinsu za su gitta a kudancin Jamus.

Cibiyar Zurich ta kamfanin Skyguide na Suwizalan ce ke kula da wannan yanki. Jami'i guda ne ke aiki a kan tebura biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa. Saboda gyare-gyaren da ake yi a daren, na'urar da ke nuna masa gargaɗi a allo ba ta aiki, haka ma babban layin tarho. Wani jami'i a Karlsruhe ya hango haɗarin, ya yi ta bugo waya bai samu ba.

Saura ƙasa da minti ɗaya jiragen su haɗu jami'in na Zurich ya farga, ya umarci jirgin Rasha ya yi ƙasa. 'Yan daƙiƙoƙi bayan haka na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgin, wadda ake kira TCAS, ta umarci matuƙan su yi sama, takwararta ta jirgin DHL kuma ta ce a yi ƙasa. Matuƙan DHL sun bi na'urarsu. Na Rasha suka bi jami'in, wanda ya sake maimaita umarninsa ba tare da sanin abin da na'urorin suka ce ba.

Jiragen biyu suka yi ƙasa tare, suka yi karo a kusa da garin Überlingen. Dukan mutane 71 sun rasu.

Me ya sa na'urar ke gaba?

TCAS tana aika sigina ga jiragen da ke kusa, tana auna nisansu da tsayinsu da saurin kusantowarsu. Da farko takan ja hankalin matuƙi cewa akwai jirgi a kusa. Idan ya rage kimanin rabin minti a haɗu, sai ta ba da umarnin hawa ko sauka, ana kuma son matuƙi ya aiwatar cikin daƙiƙa 5.

Muhimmin abu shi ne na'urorin jiragen biyu suna tuntuɓar juna, su raba aiki: wannan ya hau, wancan ya sauka. Idan matuƙi ɗaya ya yi akasin abin da aka ce masa, ya rusa shirin ke nan baki ɗaya.

Binciken da hukumar Jamus ta wallafa a 2004 ya ɗora laifi kan yadda Skyguide ke tafiyar da aikinsa, da kuma rashin bayani guda a dokoki da littattafan horo kan wanda ya kamata a bi. A 2007 wata kotun Suwizalan ta sami manajojin kamfanin huɗu da laifin sakaci da ya jawo mutuwa.

An riga an sami gargaɗi. A ranar 31 ga Janairun 2001, jiragen Japan Airlines biyu ɗauke da mutane 677 sun tsallake rijiya da baya a samaniyar Japan, bayan da matuƙin ɗaya ya bi umarnin sauka da aka ba shi bisa kuskure, alhali na'urarsa ta ce ya hau.

A 2003 ICAO ta gyara ƙa'idojinta: da zarar TCAS ta ba da umarni, shi za a bi ko da ya saɓa wa na jami'in, sannan a sanar da shi. Jami'in kuma ba zai sa baki ba sai matuƙi ya ce haɗarin ya wuce. An kuma inganta na'urar ta yadda za ta fi iya juya umarninta idan ɗayan jirgin ya ƙi bi, Tarayyar Turai ta wajabta sabon samfurin ga manyan jirage daga ƙarshen 2015.

Kaucewar ma tana da iyaka. Na'urar hawa ko sauka kawai take umarta, ba ta cewa a karkata. A Nuwamban 1996 jirgin ADC da ya taso daga Fatakwal ya faɗi a Ejirin, kusa da Legas, bayan matuƙin ya karkata da ƙarfi don kauce wa wani jirgi har jirgin ya ƙwace masa. Mutane 144 suka rasu.

Sauran lokutan ƙin amincewa

Ba a batun karo kaɗai matuƙi ke iya ƙin umarni ba. Idan aka nuna masa hanyar da hadari ya haɗu, ko wadda ta nufi dutse, ko aka ce ya jira alhali mansa ya yi ƙasa, akwai kalma guda ta Ingilishi da aka tanadar masa, mai nufin ba zai iya ba. Daga nan sai ya faɗi dalili da abin da yake bukata.

Da ita Kyaftin Chesley Sullenberger ya amsa a Janairun 2009, lokacin da tsuntsaye suka kashe injinan jirginsa aka ba shi hanyar komawa filin LaGuardia. Ya sauka a kan kogin Hudson, dukan mutane 155 suka tsira.

Kawaici a irin wannan hali yana da tsada. A Janairun 1990 jirgin Avianca daga Kolombiya ya shafe fiye da sa'a guda yana shawagi bisa umarnin jami'ai kafin ya kusanci New York. Matuƙan sun ce mai na ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar ayyana halin gaggawa ba. Man ya ƙare, mutane 73 daga cikin 158 suka rasu.

Shi ya sa a yau ake koya wa matuƙa abubuwa uku bi da bi: a fara riƙe jirgi, sannan a tabbatar da inda aka dosa, kana a yi magana da ƙasa. Wanda ya kauce wa umarni yana iya fuskantar tambayoyi da rubuta rahoto bayan ya sauka, kuma doka tana tare da shi muddin ceton rayuka ne dalilinsa.