Sassaƙa Surar Dabba A Kan Fata: Yadda Na Koya

An gama girbi a ƙasar Dutsi, gero ya shiga rumbu, samarinmu kuwa sun fara zancen tafiya ci-rani. A taron ƙungiya wani saurayi ya tambaye ni ko akwai sana'ar da mutum zai koya yana zaune a gida, ba sai da babban jari ba. Na nuna masa jakar da nake rataye da ita, mai surar zabo a murfi. Ni na sassaƙa ta.

Aikin fata ba baƙo ba ne a wurinmu. Sa'ad da Bature Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana kai takalma da jemammun fatu har Tarabulus ta hamada. Amma dukawanmu sun fi saba wa dagi da zanen layi-layi. Mai son surar dabba sai ya ari dabararsu, ya haɗa da idonsa.

Na fara da raƙumi, na kuwa yi hasara. Na sayi fatar kamfani mai sheƙi, na yini ina dannawa, da gari ya waye zanen ya shafe. Wani tsohon baduku a Daura ya duba ya yi dariya, ya ce, "Malam, nemo ta bagaruwa." Gaskiyarsa. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan ruwa, in ta bushe kuma tana riƙe kowace alama. Ta akuya ba ta da kauri, wuƙa takan huda ta. Gara ka roƙi gutsattsarin ƙirgi wurin masu ɗinkin takalma.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ruwa. Ka jiƙa fatar da tsumma, sa'an nan ka dakata tukuna, har launinta ya kusa komowa yadda yake, amma in ka ɗora ta a kunci ka ji sanyi. Lokacin ke nan. In ta jiƙe sharkaf, layin zai cushe kamar sawu a cikin taɓo. In ta bushe, wuƙa za ta yi ta gardama. Da hunturu iska takan shanye ruwan nan da nan, saboda haka ka ajiye tsumman kusa da kai.

Ka shimfiɗa ta bisa dutse mai santsi. Kada yankan ya wuce rabin kaurin fatar. Maƙeri zai goge maka ƙusa biyu: ɗaya mai faɗin baki, domin danne gefen layi ta waje har dabbar ta taso, ɗaya mai tsini domin ɗigo.

Kada ka fara da doki ko raƙumi, gama ƙafafu huɗu suna tona asirin mai koyo. Fara da zabo. Jikinsa dunƙule yake, ƙafa biyu, ɗige-ɗigen kuwa suna rufe ƙananan kurakurai. Ka zuba musu tsaba ka zauna ka dube su sosai. Sai da na yi haka na lura kan zabo ƙanƙane ne ƙwarai, ni kuwa ina ta yi masa kan kaza. Na yi zabo goma sha biyu, ina rubuta lamba a bayan kowane. Na tara ne matata ta fara ganewa ba tare da na faɗa mata ba.

Wajen sayarwa, ku sani waɗansu maƙwabtanmu ba sa son surar mai rai a kan kayansu. Ku girmama wannan, ku koyi dagi domin su.

Mai so ya zo taro na gaba da ƙusa biyu da tsumma. Gutsattsarin fata ni zan kawo.