Sawun Kiyashi da Lissafin Kwamfuta

Sanin kowa ne cewa idan ƙwayar sukari ta zube a teburin mai shayi a Gyadi-Gyadi, ba a jimawa sai a ga kiyashi sun yi jerin gwano daga raminsu zuwa wurin. Abin da ba kowa ke lura da shi ba, shi ne hanyar tasu da fari a karkace take, amma kafin a jima sai ta miƙe. Ba su da madugu, ba kuwa wanda ya hango filin duka. To, ƙaƙa suka san gajeriyar hanya?

Amsar tana cikin sawu. Kowane kiyashi in ya sami abinci, yakan koma gida yana shafa wani sinadari mai ƙanshi a ƙasa, na baya kuwa sukan fi karkata inda ƙanshin ya fi ƙarfi. A 1989 Jean-Louis Deneubourg da abokan aikinsa a Brussels, ta ƙasar Beljiyam, suka gwada wannan. Suka haɗa rami da abinci da gada mai rassa biyu, ɗaya ya ninka ɗaya tsawo. Waɗanda suka bi gajeren reshe suka riga dawowa, sawunsu ya riga yin kauri, har galibin taron ya koma can. Amma da aka bar su suka saba da dogon reshe, sa'an nan aka buɗe gajeren, sai yawanci suka ƙi sakewa, gama tsohon sawu ya riga ya rinjaye su.

Wannan ya shafi wata matsala da masu lissafi suka daɗe suna fama da ita. Alal misali, mai raba burodi ya tashi daga titin Zariya kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zai kewaya shaguna 10 a Tarauni da Darmanawa da Hotoro da Unguwa Uku. Akwai jeri 3,628,800 da zai iya bi. In shagunan suka kai 15, jerin ya haura biliyan dubu. In suka kai 50, ba kwamfutar da za ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ta gama.

A 1992 Marco Dorigo, a cikin kundinsa na digirin dakta a Milan ta Italiya, ya ari dabarar kiyashi. Ya sa kwamfuta ta saki 'yan aike na lissafi masu yawa, kowanne ya kewaye wuraren. Wanda zagayensa ya fi gajarta, shi ke barin maki mafi yawa a kan hanyoyin da ya bi, na baya kuma su fi zaɓar hanya mai maki. Sa'an nan ya gyara aibin da aka gani a kan gada: bayan kowane zagaye sai a rage makin kowace hanya, kamar yadda iska ke shafe sawu a rairayi. Hanyar da ba a sabunta ta ba sai ta ɓace, watau mantuwa ita ce ke buɗe ƙofar sabuwar hanya. Dabarar ba ta ɗaukar alkawarin mafi gajartar hanya duka, amma takan ba da ta kusa da ita cikin ɗan lokaci. A 1998 Gianni Di Caro da Dorigo suka ɗora ta a kan tura saƙonni cikin hanyoyin sadarwa, suka kira ta AntNet.

Ga malaman kwalejojin horon malamai akwai abin lura a nan. Sau da yawa akan ce irin wannan ilmi ba ya koyuwa da Hausa don rashin kalmomi, alhali kuwa ginshiƙansa uku duk suna da suna a bakin Bahaushe: barin sawu, bin sawu, da shafewar sawu. Maharbi da makiyayi sun san sabon sawu da tsoho tun kafin a ƙera kwamfuta. Malamin da ya fita da ɗalibansa bayan aji da cokalin sukari da ƙiraren kara biyu, dogo da gajere, ya riga ya koyar da rabin darasin. Sauran rabin shi ne ya tambaye su abin da zai faru in sawu ba ya shafewa.