BABI NA UKU: BAMBANCIN RASHIN AIKIN YI TSAKANIN RUKUNONIN MATASAN NIJERIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an dubi musabbabin rashin aikin yi a dunƙule. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin warware dunƙulen, domin a ga yadda matsalar take sauya kama daga wannan shiyya zuwa waccan, daga birni zuwa ƙauye, tsakanin masu takardun shaidar karatu da marasa su, da kuma tsakanin maza da mata. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, adadi guda da ake bayarwa da sunan ƙasa baki ɗaya yakan ɓoye rukunonin matasa da dama, kuma sau da yawa waɗanda ya fi ɓoyewa su ne suka fi shiga ƙunci.

3.1 Matashi da Marar Aikin Yi

Babu matsaya guda game da shekarun matashi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar mai shekara 15 zuwa 24 a matsayin matashi wajen ƙididdigarta. Yarjejeniyar Matasan Afirka ta shekarar 2006 ta faɗaɗa abin daga shekara 15 zuwa 35, a yayin da Manufar Matasa ta Nijeriya ta 2019 ta tsaya a kan 15 zuwa 29. Saboda haka duk inda aka kawo adadi a wannan babi za a faɗi shekarun da ake nufi.

A wurin Bahaushe, marar aikin yi shi ne mai zaman kashe wando, wato wanda gari zai waye masa, rana ta faɗi, bai nufi gona ko kasuwa ko maƙera ba. Al'umma ba ta ganin irin wannan mutum da daraja, shi ya sa ake cewa da zaman banza gara aikin kishiya. A wurin masana ƙididdiga kuwa, sai mutum ya cika sharuɗɗa uku kafin a kira shi marar aikin yi: ba ya aiki, yana neman aiki, kuma a shirye yake ya kama idan ya samu. Haka kuma ba daga jimillar jama'a ake fitar da kason ba, daga jimillar masu aiki da masu neman aiki a haɗe ake fitar da shi. Wanda ya gaji da nema ya haƙura ba ya cikin wannan lissafi gaba ɗaya.

3.2 Ma'auni Biyu, Sakamako Biyu

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi amfani da ma'auni iri biyu a 'yan shekarun nan. A ma'aunin farko, wanda ya yi aikin ƙasa da awa 20 a mako ana lissafa shi cikin marasa aikin yi. Mai awa 20 zuwa 39 ana sa shi cikin masu ƙarancin aiki, sai mai awa 40 zuwa sama ne ake cewa yana da cikakken aiki. Da wannan ma'auni hukumar ta bayyana cewa a rubu'i na ƙarshe na shekarar 2020, wato watanni ukun ƙarshe, rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 23 ke nan. Ga masu shekara 15 zuwa 24 adadin ya kai kashi 53.4, ga masu shekara 25 zuwa 34 kuwa kashi 37.2.

A watan Agusta na 2023 hukumar ta fara fitar da sakamako bisa sabon ma'auni wanda ya dace da ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. A nan, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don lada ko riba, mai aiki ne. Nan take adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 a rubu'in farko na 2023. A rubu'i na biyu na 2024 ya tsaya a kashi 4.3, na masu shekara 15 zuwa 24 kuma kashi 6.5.

Ba wasu sababbin masana'antu aka buɗe tsakanin 2020 da 2023 da za su kwashe miliyoyin mutane ba. Mudun awon ne aka sauya. Don haka kuskure ne a jera adadin 2020 da na 2023 a ce an sami ci gaba. Amma kwatanta ma'aunan biyu yana da wani amfani na daban, domin tazarar da ke tsakaninsu tana nuna yawan mutanen da suke 'yan taɓe-taɓe na awoyi kaɗan a mako. Rahoton 2024 ɗin ya ƙara nuna cewa kimanin kashi 93 na masu aiki suna ayyukan da ba su da rajista ko tsayayyen albashi ko fansho.

3.3 Bambanci Tsakanin Shiyyoyi

A ƙarshen 2020, jihar Imo ce kan gaba da kashi 56.6, Adamawa na biye da kashi 54.9, sai Kuros Riba mai kashi 53.7. Jihar Osun ce ta ƙarshe da kashi 11.7. A rahoton shekarar 2023 kuwa, bisa sabon ma'auni, Abiya ce kan gaba da kashi 18.7, sai Abuja mai kashi 14.1 da Ribas mai kashi 13.4, Nasarawa kuma tana ƙasa da kashi ɗaya.

Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma na baya-bayan nan zai iya zaton matasan Kudu sun fi na Arewa shiga wahala. Sai dai binciken talauci mai fuskoki da yawa da hukumar ta fitar a 2022 ya nuna wani hoto dabam. Daga cikin mutum miliyan 133 da aka samu cikin irin wannan talauci, miliyan 86 a Arewa suke, wato kashi 65 cikin ɗari. A jihar Sakkwato kashi 91 na jama'a ne abin ya shafa, a Ondo kuwa kashi 27.

Dalilin wannan saɓani ba ɓoyayye ba ne. Zama a gida ana jiran aikin albashi yana buƙatar wanda zai ci da mai jiran. Matashin da iyayensa ko yayyensa suke da ɗan hali zai iya shekara biyu yana yawo da takardu ofis-ofis, kuma a duk tsawon lokacin ƙididdiga tana ganinsa a matsayin marar aikin yi. Wanda gidansu sai an fita ake samun na tuwon dare ba shi da wannan zaɓi. Dole ya ɗauki baro ya yi dako, ko ya tura kurar ruwa, ko ya shiga jari-bola, ko ya riƙe tiren goro. Ƙididdiga za ta rubuta shi mai aiki, alhali abin da yake samu bai isa ya ajiye iyali ba.

Bugu da ƙari, Arewa ta rasa wuraren da a da suke ɗaukar matasa aikin albashi ba tare da neman babbar takarda ba. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya da aiki a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007. A Kano ma masana'antu da dama na Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun durƙushe saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar mai da kwararowar yadin waje mai araha. Durƙushewar masaƙa ba ma'aikatanta kaɗai take shafa ba, tana taɓa manomin auduga da direban da ke ɗauko ta da mai sayar da abinci a bakin ƙofar kamfani.

3.4 Birni da Ƙauye

A nan ne sauyin ma'auni ya fi fito da abin mamaki. A ƙarshen 2020 ƙauye ne ya fi birni rashin aikin yi, kashi 34.5 a kan 31.3. A rubu'i na biyu na 2024 sai lamarin ya juya: birni kashi 5.2, ƙauye kashi 2.8. Wannan yana nuna cewa matsalar matashin ƙauye ta ƙarancin awoyin aiki ce, wadda sabon ma'auni ba ya sa ta cikin rashin aikin yi.

Asalin wannan ƙaranci yana ga yanayin noma. A yawancin ƙasar Hausa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Da zarar an gama kaka an kai amfani rumbu, wanda ba shi da fadama ko hanyar noman rani ba shi da abin yi har faɗuwar ruwa. Tun kaka da kakanni maganin wannan shi ne cin rani, inda samari kan bazu birane su yi ƙwadago, su komo da guzurin damina. Al'adar tana nan, amma abubuwa biyu sun jirkita ta. Na farko, rashin tsaro. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 a Arewa maso Gabas, da ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato da sassan Kaduna da Neja, sun raba dubban matasa da gonakinsu, har cin rani ya zame wa wasu ƙaura. Na biyu, sana'o'in da suke dogara da su a birni ba su da tabbas. A Janairun 2013 an hana acaɓa a birnin Kano, a Legas ma an hana ta a wasu ƙananan hukumomi a 2020 da 2022, kuma da yawan masu wannan sana'a a can 'yan Arewa ne. Doka guda takan raba dubban samari da abincinsu a dare ɗaya.

3.5 Masu Takarda da Marasa Takarda

A rubu'in farko na 2024, lokacin da adadin ƙasa yake kashi 5.3, na waɗanda suka yi karatun gaba da sakandare ya kai kashi 9. Wannan ba ya nufin ilimi ne yake jawo rashin aiki. Abin da yake nufi shi ne, mai digiri ko difiloma yana neman aikin da ya dace da takardarsa, irin wannan aiki kuwa ya yi ƙaranci. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, ga shi kuma jami'o'i sai ƙaruwa suke yi. A kowace shekara dubban ɗaruruwa suna gama hidimar ƙasa, su tarar da na gabansu ba su samu ba.

A ɗaya gefen akwai rukunin da ba a cika jin muryarsa ba, wato waɗanda ba su shiga makarantar boko ba, ko suka fita ba su gama ba. Cikinsu har da gardawan da suka yi shekaru a tsangaya. Suna da ilimin Alƙur'ani da iya rubutun ajami, amma babu takardar da ma'aikatu suka amince da ita. Su ne ake gani suna wankin hula da yankan farce da gyaran takalmi. Mai digiri yana da fatan wata rana a kira shi; shi kuwa wannan babu layin da zai shiga ma balle a kira shi.

3.6 Maza da Mata

Ma'aunan biyu sun haɗu a kan cewa mata sun fi maza rashin aikin yi. A ƙarshen 2020 mata suna da kashi 35.2, maza 31.8. A rubu'i na biyu na 2024 mata suna da kashi 5.1, maza 3.4. Duk da haka, adadin bai kama dukkan gaskiyar ba. Yarinyar da aka aurar tana da shekara 16 ko 17, tana daka da girki da reno tun safe har dare, ba a lissafa ta cikin masu aiki domin ba a biyanta, ba a kuma lissafa ta cikin marasa aiki domin ba ta fita nema.

Daɗin daɗawa, matan Hausawa da yawa suna sana'a daga cikin gida, kamar ƙuli-ƙuli da fura da daddawa da kitso da ɗinkin hula. Jarin irin wannan sana'a ƙanƙane ne, ribarta ma haka, kuma yawanci sai da 'yar talla take tafiya. Ta haka ƙarancin samun uwa yake fitar da 'yarta daga aji, ita ma ta taso ba takarda ba jari.

3.7 Abin da Bambancin ke Nufi ga Shirye-shiryen Gwamnati

Gwamnatoci sun sha fito da shirye-shirye, tun daga Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa da aka kafa a 1986, zuwa shirin kawar da talauci na 2001, da SURE-P na 2012, da N-Power na 2016. A shirin N-Power, lokacin da yake gudana, kaso mafi girma na masu digiri da difiloma da takardar malanta ne, an riƙa biyansu naira 30,000 a wata, kuma ta intanet aka riƙa neman shiga. Tsari irin wannan yana isa ga rukunin da ƙididdiga ta fi gani, ya tsallake ɗan cin rani da gardi da matar aure. Abin da kowane rukuni yake buƙata daban ne. Matashin ƙauye yana buƙatar tsaro da ruwan noman rani. Gardi yana buƙatar sana'a da takardar shaidarta. Mai sana'ar cikin gida jari da kasuwa take nema, mai digiri kuwa sai masana'antu da kamfanoni sun farfaɗo, wanda hakan ba zai yiwu ba sai da wutar lantarki.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa faɗuwar adadin rashin aikin yi daga kashi 33.3 zuwa kashi 4.1 sauyin ma'auni ne ya kawo ta. An kuma ga cewa rashin aikin yi na fili ya fi bayyana a birane da tsakanin masu takarda, a yayin da ƙarancin aiki da ƙarancin samu suka fi addabar ƙauyuka da jihohin Arewa da mata. Saboda haka, wajen auna halin matasan kowane yanki, ya kamata a haɗa adadin marasa aiki da awoyin da ake yi da kuma abin da aikin yake kawowa. Babi na gaba zai dubi illolin wannan matsala ga tarbiyya da zaman lafiyar al'umma.