Wa Ke Tuƙa Jirgin In Matuƙi Ya Yi Barci?

A watan Afrilun 2023 Kirsten Neuschäfer, 'yar Afirka ta Kudu, ta lashe gasar Golden Globe bayan ta zagaya duniya ita kaɗai cikin jirgin ruwa mai filafilai, kusan wata takwas a teku. Duk inda aka ba da labarin sai an samu mai cewa ba zai yiwu ba, ko dai akwai wani a ɓoye cikin jirgin, ko kuma ba ta runtsa ba. Masu wannan musu suna zaton aikin na ƙarfin damtse ne, alhali rabinsa a bakin gaɓa ake gama shi, wajen tsara igiyoyi.

Ɗan Ingila Blondie Hasler ya nuna haka tun 1960, lokacin da ya ƙetare Tekun Atlantika cikin Jester, jirgin da tsawonsa ƙafa 25 ne kacal. Filafili irin na jiragen Sin ya ɗaura masa, mai sanduna a gicciye kamar asabari. In iska ta yi ƙarfi sai ya sassauta igiya ɗaya, asabarin ya sauko ya naɗe kansa. Kowace igiya ya jawo ta zuwa mazauninsa, don kada ya riƙa rarrafe a kan jirgi cikin hadari.

Abin da ya fi wuyar shiga kai shi ne na'urar tuƙi, wadda babu ruwanta da batir ko fetur. Wani faifai ne a bayan jirgi, an saita gefensa ga iska. Da jirgin ya kauce sai iska ta bugi fuskarsa ya kwanta, kwanciyar ta murɗa wani siririn katako da ke nutse a ruwa, ruwan da ke gudu ya ture katakon gefe, shi kuma ya ja igiyar akalar jirgi. Faifan ba shi da wani ƙarfi, umarni kawai yake bayarwa. Kamar yaro ne riƙe da akalar raƙumi, ko ɗan jagora gaban ƙaton makaho, ko igiyar hancin bijimin noma.

Sai dai na'urar iska take bi, ba ta san gabas ba. In iska ta juya da tsakar dare, jirgi ya bi ta, mai shi na ta minshari.

Shi ya sa yawancin masu tuƙi su kaɗai guntun barci suke yi, kamar na minti 20 a inda manyan jirage ke wucewa, kuma in sun fito sukan ɗaure kansu da ɗamara a jikin jirgi, domin wanda ya faɗa ruwa zai ga jirginsa na tafiya abinsa. Dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ta ce dole kowane jirgi ya sa ido a kowane lokaci. Mutum ɗaya ba zai iya cika wannan sharaɗi ba, hukumomi kuma sun san haka, amma har yau ana ɗaga tuta a sallami masu gasar.