Kurma a Filin Tseren Motoci: Ba Oda Ake Saurara Ba

Duk lokacin da labarin wani kurma da ke tseren motoci ya ɓullo, tambaya ɗaya ce ke riga kowace fitowa daga bakin mutanenmu: to ta yaya zai ji oda? Tambayar ba ta rasa nasaba da irin tuƙin da muka saba, inda direba ke shiga kwana da hannu a kan oda maimakon ƙafa a kan birki. Sai dai motar Formula 1 ba ta da oda kwata-kwata. Mai gudun da ya haura kilomita 300 a awa ba shi da wanda zai danna wa ita.

Filin tsere da ido yake magana. A Formula 1 babu busa, babu harbin bindiga wajen tashi. Jajayen fitilu 5 ne ke kamawa ɗaya bayan ɗaya, da zarar sun mutu kowa ya taka totur. Daga nan sai tutocin da ma'aikatan gefen hanya ke kaɗawa: rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu kuma kada a wuce kowa, ja an tsayar da tsere, shuɗiya ka kauce wa wanda ya riga ya zagayo ka, mai ratsin ja da rawaya kuwa tana cewa titi na santsi, wataƙila mai ya zube. A manyan filaye an ƙara allunan lantarki masu nuna waɗannan launuka, kuma saƙon na fitowa a kan sitiyarin direba. Hatta lokacin sauya giya, jerin ƙananan fitilu ne a saman sitiyari ke nunawa. Duk cikin waɗannan babu wanda aka yi domin kurame. An yi su ne saboda masu ji ma ba sa ji sosai a wurin.

Wanda ya taɓa kai markaɗe wurin injin niƙa ya san yanayin. Mai injin ba ya jin abin da kake faɗa, da yatsu kuke cinikin kuɗi, kuma idan bel ya fara sakewa, a tafin hannunsa da ke kan injin yake fara sani. Haka direban tsere yake, ga inji na ruri a bayan ƙeyarsa, ga abin toshe kunne, ga hular kwano a sama. An ɗaure shi tamau a kujerar da aka ƙera daidai jikinsa, don haka idan tayoyin baya suka fara zamewa, ƙugunsa da bayansa ne ke ba shi labari. Idan na gaba ne suka ƙi kama titi, sitiyari zai yi masa sakayau a hannu. Juan Manuel Fangio na Ajantina ya zama zakaran duniya sau 5 a shekarun 1950 ba tare da rediyo a motarsa ba. Allo makanikai ke ɗaga masa daga gefen hanya da lambobi a jiki, kuma har gobe ana ɗaga irin wannan allo.

Wannan ba ya nufin kurma bai rasa komai ba. Ba zai ji ƙarar motar da ta maƙale masa a gefe ba, sai ya dogara da madubi, ba kuma zai ji sauyin kukan inji ba sai abin ya kai ga jijjiga. Amma babbar matsalar ita ce rediyo. Tseren yau rabinsa lissafi ne, injiniya na zaune gaban kwamfuta yana faɗa wa direba yaushe zai shigo a sauya taya, nawa mai ya rage, ko hadari ya taso. Wanda ba ya samun wannan bayani, ko ya fi kowa iya tuƙi, za a ci shi da dabara.

Wani zai ce ai akwai na'urar ji da ake dasawa ta hanyar tiyata. Akwai, amma ɓangarenta na waje da maganaɗisu yake manne a bayan kunne, hular kwanon tsere kuwa dole ta matse kai sosai. Caleb McDuff, matashi ɗan yankin Wales a Birtaniya, yana da wannan na'ura, duk da haka a tseren ƙananan motocin da yara ke farawa da su sai da ya riƙa cire ta yana tuƙi shiru. Daga baya ya shiga Team BRIT, ƙungiyar da direbobinta masu naƙasa ne, wadda burinta shi ne shiga tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Kafin shi an yi Kris Martin ɗan Ontario a Kanada, wanda aka haifa kurma, aka haɗa masa na'urar da ke kai muryar rediyo kai tsaye cikin wadda aka dasa masa.

Irin tseren da Martin ya shiga shi ne ya fi wuya, wato salon NASCAR na Amurka. A filaye irin Daytona motoci kusan 40 ke tafiya a cunkushe, kuma an tokare kan direba yadda ba ya iya waiwaye. Saboda haka kowace mota tana da mai leƙe a can saman rumfar 'yan kallo, yana faɗa wa direba ko akwai mota a hagunsa, ko a damansa, ko hanya ta buɗe. Saƙo ne gajere, fitila a gefen gilashi ko ɗan abin jijjiga a jikin kujera zai iya isar da shi. Fasahar ba ita ce mai wuya ba. Sai masu dokar gasa sun amince a saka ƙarin na'ura a mota, kuma su ne ke jan ƙafa. Akwai ma abin da ya fi sauƙi: masu ceto su san tun kafin tsere cewa direban mota kaza kurma ne, kada a yi haɗari su tambaye shi sunansa, ya yi shiru, su ɗauka buguwar kai ce.

Hukumar FIA mai kula da tseren motoci na duniya sai a 2017 ta kafa kwamitin masu naƙasa, shekara ɗaya bayan Frédéric Sausset, Bafaranshen da aka yanke wa hannaye da ƙafafu, ya kammala tseren Le Mans. A tuƙin yau da kullum kuwa, a Birtaniya kurma mai lasin ƙaramar mota ba ya ma buƙatar sanar da hukuma cewa ba ya ji. A Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya tun Janairun 2019, amma da wuya ka ji makarantar koyon mota da ta tanadi malamin da ya iya maganar hannu.